Shin maganin suga ne ya kashe Baffa?

 Yau ba amsa tambayoyinku zan yi ba kamar yadda muka saba. Wata magana ce ta cikin gidanmu zan kawo muku, wadda na daɗe ina juya ta a raina kafin na yarda in rubuta. Abin da ya sa na fito da ita shi ne, cikin wata guda mutum uku sun same ni a kantin maganin da nake aiki a nan Agege, kowa da waya a hannu, suna tambayata ko gaskiya ne maganin ciwon suga yana jawo ciwon daji a cikin ciki. Ɗaya daga cikinsu ma ya riga ya ajiye maganinsa tsawon mako biyu. Na san wannan tsoro, domin ya taɓa shigowa har ɗakin mahaifiyata.

Baffa ƙanin mahaifina ne, dillalin albasa a kasuwar Mile 12. Yana da shekara 61 lokacin da ya fara kukan yawan fitsari da ƙishirwa. Ni na fara auna shi, na ga suga ya hau, na tura shi asibiti. Likita ya tabbatar da ciwon, ya ɗora shi a kan metformin. Bayan wata huɗu sugan bai sauka yadda ake so ba, sai aka ƙara masa sitagliptin. Duk ƙarshen wata ni nake kai masa maganin har gida, ba na karɓar ko sisinsa, shi kuma ba ya barina in tafi sai da buhun albasa a bayan mota.

A hankali Baffa ya fara rama. Babbar riga ta yi masa yawa, agogo yana zamewa a tsintsiyar hannunsa. Da ya yi mini maganar sai na ce, “Baffa, ai alama ce kana kiyaye abinci, ci gaba da haka.” Da ya ce saman cibiyarsa yana ciwo har yana ratsawa zuwa baya, sai na ɗauka gyambon ciki ne, na ba shi maganinsa. A wata na goma matarsa, wadda muke kira Inna, ta kira ni da sassafe ta ce idanunsa sun koma ruwan ɗorawa, fitsarinsa kamar baƙin shayi, ga ƙaiƙayi ya hana shi barci. Hoton da aka ɗauka ya nuna kansa ce a fankiriyas, kuma ta riga ta kai hanta. Wata uku bayan nan Allah Ya karɓi abinsa.

Muna zaman makoki babban ɗansa ya miƙo mini waya. Ya rubuta sunan maganin mahaifinsa a intanet, ga shi nan an jera shi da kansar fankiriyas. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ne kawai ta ce, “Ke da kika yi karatun magani, ashe abin da kike kawo masa ke nan duk wata?” Ban iya ce mata komai ba. Na fita tsakar gida na tsaya a bakin famfo har aka kira magariba.

Tsugune ba ta ƙare ba. Bayan kamar mako shida na lura Umma tana yawan tashi da dare, ga wani ɗan rauni a yatsan ƙafarta ya ƙi warkewa. Shekararta 12 tana shan metformin lafiya ƙalau. Ranar da na ɗaga katifarta zan gyara shimfiɗa, sai ga katunan magani a jere, ko ɗaya ba a ɓalle ba. Da na auna ta, na’ura ta nuna 380. Na ce, “Umma, me ya sa?” Ta ce, “Na ga abin da ya yi wa baffanki.”

Daren nan ban yi barci ba. Ina da digiri a fannin harhaɗa magunguna, amma zuciyata ta fara yarda da maganar Inna. Don haka na koma na bi asalin maganar ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na samu ne nake so mu duba tare.

Abu na farko, ciwon sugan da kansa yana ƙara haɗarin wasu nau’o’in kansa, ko mutum yana shan magani ko ba ya sha. A 2010 ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka da takwararta ta ciwon daji sun fitar da matsaya guda. Sun ce mai ciwon suga nau’i na biyu, wato irin wanda aka fi samu a manya, haɗarinsa na kamuwa da kansar hanta da ta fankiriyas ya kai ninki biyu na wanda ba shi da ciwon, na kansar babban hanji kuma ya ɗara da kashi 20 zuwa 50 cikin 100. Daga cikin dalilan da ake dangantawa akwai ƙiba, da taruwar kitse a hanta, da yawan sinadarin insulin da jiki ke zubawa a jini idan ya daina jin aikinsa, domin insulin yana ƙarfafa ƙwayoyin halitta su girma su rarrabu. Kun ga ke nan duk wanda ya ƙirga masu shan maganin suga zai tarar da kansa ta fi yawa a cikinsu. Ba mai shan maganin sai mai ciwon.

Abu na biyu shi ne ya fi taɓa ni. Fankiriyas wata gaɓa ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi, ba ita ce saifa ba kamar yadda wasu suke ɗauka. Ita ke samar da insulin da kuma ruwan da ke narkar da abinci. Idan kansa ta fara tsiro a cikinta, sau da yawa abin da ke fara bayyana shi ne hawan suga, watanni ko ma shekara biyu kafin a ga wata alama. Sai a ce wa mutum yana da ciwon suga, a ba shi magani, sugan ya ƙi sauka, a ƙara masa wani, daga baya kansar ta fito fili. Mai kallo daga waje zai ce magani ne ya kawo ta, alhali tana nan tun kafin a haɗiyi ƙwaya ta farko. Carar zakara tana riga fitowar rana, amma ba ita ke fito da ita ba. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wannan kansa takan ɗauki fiye da shekara 10 tana ginuwa a ɓoye. Baffa kuwa wata shida kacal ya yi yana shan sitagliptin kafin idonsa ya canja launi.

Kada wannan ya firgita duk wanda aka gano masa suga da girmansa. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 ya nuna cewa cikin mutum 100 da suga ya fara kama su bayan shekara 50, kimanin mutum ɗaya ne aka samu da kansar fankiriyas cikin shekara uku. Sauran 99 ciwon suga ne kawai. Amma a Ingila ƙa’idar da aka ba likitoci ita ce, wanda ya kai shekara 60, suga ya same shi sabo, kuma yana rama, a hanzarta yi masa hoton ciki. Baffa ya cika duka ukun. Ba shi da ƙiba, ba a san suga a danginsu ba, ga rama, ga ciwon da ke ratsawa baya. A nan kuskurena yake. Ba a maganin da na kai masa ba, a ramar da na yaba. Metformin yakan rage wa mutum kilo biyu ko uku, ba fiye da goma ba. Wataƙila ko da an gano da wuri ba za a iya ceto shi ba, domin wannan kansa tana cikin mafiya wuyar magani. Amma da na ce masa ya koma wurin likita a wata na uku, da ban kwana da wannan nauyi ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Yanzu bari mu ɗauki magungunan da kansu, da sunayensu kamar yadda za ku gani a jikin kwali.

Metformin shi ne mafi yawanmu muka sani. Tun 1957 aka fara amfani da shi a Faransa, kuma har yau shi ake fara ba mai suga nau’i na biyu. Ba a same shi da jawo kansa ba. Hasali ma a 2005 wani bincike daga Sikotland ya nuna kamar masu shansa sun fi ƙarancin kamuwa, har aka yi ta murnar an samu rigakafi. Daga baya aka gano kurakurai a yadda aka yi lissafin irin waɗannan bincike, kuma babban gwajin da aka yi a kan mata masu kansar mama, wanda aka fitar a 2022, bai nuna ya amfane su ba. Don haka maganin suga ne, a bar shi a haka. Jita-jitar da ke yawo a WhatsApp ta samo asali ne daga 2019 da 2020, lokacin da aka gano wani gurɓataccen sinadari mai suna NDMA ya wuce ƙima a cikin metformin na wasu kamfanoni, aka janye su daga kasuwa a Singafo da Amurka. A Amurka waɗanda abin ya shafa nau’in da ke narkewa a hankali ne. Matsalar ta sarrafawa ce, ba ta maganin ba, kuma hukumar da ta sa aka janye su ita da kanta ta ce kada mara lafiya ya daina sha har sai an sauya masa wani. Abin da metformin ya fi yi wa mutane shi ne tashin zuciya da gudawa a makonnin farko, wanda ke raguwa idan ana shan sa tare da abinci. Wanda ya daɗe a kansa kuma ya riƙa auna sinadarin B12 da lafiyar ƙodarsa.

Sai dangin maganin Baffa, wato sitagliptin da vildagliptin da linagliptin, da ’yan uwansu na allura irin su liraglutide da semaglutide da ake sayarwa da sunan Ozempic. Su ne aka fi zargi. A 2013 wasu masu bincike a Amurka suka duba fankiriyas ɗin mutanen da suka rasu, suka ce sun ga canje-canje masu tayar da hankali a na waɗanda suka sha irin waɗannan magunguna. Wannan labari ne ɗan Baffa ya ci karo da shi. Abin da bai gani ba shi ne abin da ya biyo baya. Hukumomin kula da magunguna na Amurka da na Turai sun sake bin bayanan gwaje-gwajen dabbobi da na mutane, kuma a Fabrairun 2014 suka sanar tare cewa hujjojin ba su nuna magungunan suna jawo kansar fankiriyas ba. A 2015 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa mutum fiye da 14,000, rabi suna shan sitagliptin, rabi suna shan ƙwayar da ba magani a cikinta, ba a ga kansar ta ƙaru a masu shan maganin ba. Irin wannan gwaji ya fi ƙarfi, domin ƙuri’a ce ke raba mutane gida biyu, ba tsananin ciwonsu ba.

Sai dai ba zan ce muku waɗannan magunguna ba su da abin lura ba. A takardar da ke cikin kwalinsu an yi gargaɗi game da kumburin fankiriyas, wanda ba kansa ba ne amma yana iya kai mutum gadon asibiti. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a saman ciki da ke ratsawa baya, sau da yawa da amai. Wanda ya ji haka ya dakata da maganin ya nufi asibiti a ranar. Na allurar kuma suna ƙara yiwuwar samun tsakuwa a madaciya. Akwai kuma wani bincike daga Birtaniya a 2018 da ya ga kansar bututun madaciya ta ɗan fi yawa a masu shan dangin sitagliptin: mutum 26 cikin 100,000 a shekara, a maimakon 14. Binciken na bin takardun asibiti ne, bai tabbatar da cewa maganin ne sanadi ba. Ko da a ce shi ne, bambancin mutum 12 ne cikin 100,000. Ku ɗora wannan a sikeli ɗaya, ku ɗora makanta da wankin ƙoda da yanke ƙafa da shanyewar ɓarin jiki a ɗayan, waɗanda muke gani kullum a masu sugan da ba a kula da shi ba.

’Yan uwana mata masu sayen allurar Ozempic a Instagram don rage ƙiba, ku ji wannan. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an kama jabunta a Brazil da Birtaniya da Amurka. Idan jabu ta shiga waɗannan ƙasashe, me kuke zato game da wadda ɗan acaɓa ya kawo muku cikin leda, ba ƙanƙara, ba takardar likita?

Insulin ma an taɓa zarginsa. A 2009 wani bincike daga Jamus ya tayar da ƙura a kan nau’in glargine. Amma gwajin da aka bi mutum fiye da 12,000 har shekara shida, wanda aka fitar a 2012, bai ga ƙarin kansa ba. Glibenclamide, wanda tsofaffinmu suka fi sani da Daonil, babban haɗarinsa faɗuwar suga ce idan an sha ba a ci abinci ba. Wanda aka fi samun hujja a kansa shi ne pioglitazone, shi ma ba a hanji ko hanta ba, a mafitsara. Faransa ta dakatar da shi a 2011, wasu ƙasashe suna amfani da shi da sharaɗi. Mai shansa da ya ga jini a fitsari ya garzaya wurin likita.

Akwai abin da nake so mu gane a matsayinmu na ’yan Najeriya. Idan tsoron kansar hanta muke yi, ba a kwalin maganin suga ya kamata mu fara nema ba. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau’in B, yawancinsu ba su sani ba. Sai a 2004 aka sa rigakafinta cikin allurar yara, don haka mu da muka haura shekara 30 akasarinmu ba mu samu ba. Ga kuma gubar da ke fitowa daga gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, wadda ke bin ƙuliƙuli da man gyaɗa da gari har cikin tukunya. Mai suga da ke ɗauke da cutar hanta, yana kuma cin gyaɗar da ta ruɓe, ya tara wa hantarsa kaya uku. Gwajin cutar hanta ba shi da tsada, ɗigon jini ne. Wanda ba shi da ita ya yi rigakafi, allura uku ce. Wanda ke da ita kuma ya riƙa zuwa ana duba hantarsa a kai a kai.

To, me mai suga zai sa wa ido? Ramar da ba a neme ta ba. Sugan da ya daɗe yana zaune lafiya sai kwatsam ya birkice ba tare da an canja abinci ko magani ba. Ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari. Ciwon saman ciki mai ratsawa baya. Jini a bayan gida, ko ya fito baƙi kamar kwalta, ko yanayin fitarsa ya sauya har makonni. Ƙoshi da loma kaɗan, ko wahalar haɗiya. Kada a ce basir ne, kada a ce shawara ce a tafi neman saiwa, kada kuma a tsaya a kantin magani irin namu. A ga likita, a gaya masa komai, har da maganin gargajiyar da ake sha. Wanda ya kai shekara 45, ko aka taɓa samun kansar hanji a danginsa, ya tambayi likita batun gwajin hanji ko da ba ya jin komai. A bar taba, a rage tumbi, a riƙa taka ƙasa ko da rabin awa ne a rana. Idan kuma ranka bai kwanta da wani magani ba, kana da haƙƙin ka tambaya, akwai wasu da za a iya sauya maka. Abin da ba ka da shi shi ne ka ajiye shi a ƙarƙashin katifa ka yi shiru.

Umma ba lissafi ne ya shawo kanta ba. Na zauna a gabanta na ce, “Umma, shekara 12 kina shan wannan magani, da shi kika aurar da mu, da shi kika goyi jikoki. Mako shida da kika bar shi, dubi ƙafarki.” Ta daɗe tana kallon yatsan, sannan ta ce in miƙo mata ruwa. Sai da aka haɗa mata da allurar insulin na ɗan lokaci kafin sugan ya daidaita, raunin kuma ya ɗauki wata biyu ana wankewa kafin ya rufe. Yanzu duk Juma’a nakan ƙirga ƙwayoyin da suka rage a katinta, ita kuma takan ce na mayar da ita ’yar firamare.

Inna kuwa sai bayan ta fita takaba na iya zuwa na same ta. Na gaya mata duk abin da na gaya muku, har da inda na gaza. Na ce mata ciwon ya riga maganin shiga jikin Baffa, amma na ga ramarsa ban gane ta ba, ta yafe mini. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Ni ma ai na gani, ni nake rage masa wuyan riga.” Muka yi kuka tare. Da zan tafi ta ce in zo da na’urata wani satin, ita ma tana so a auna ta.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Mai tambaya game da maganin da yake sha ya aiko da sunansa kamar yadda aka rubuta a kwali, da tsawon lokacin da ya yi yana sha. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.